Ido ko kunne: yadda tauhidin Kirista ya daɗe yana kokawa da zane da kiɗa

Wanda ya shiga majami'ar Otodoks a Girka ko Rasha da wuya ya sami bangon da aka bari fili. Ko'ina fuskoki ne: Almasihu a can ƙololuwar ƙubba, Maryamu riƙe da jariri, annabawa, manzanni da shahidai, ga kyandir na ci a gabansu, masu ibada suna sunkuyawa suna sumbatar katakon da aka yi zanen a kai. Idan mutumin nan ya wuce Suwizalan ya shiga tsohuwar majami'ar mabiya Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na ƙarni na 16, abin da zai tarar shi ne farin bango, benci, da dogon mumbari da aka ɗora Littafi Mai Tsarki a kai. Sai ya rantse addini biyu ya gani, alhali Linjila ɗaya suke karantawa, kuma dukansu sun yarda da shahadar bangaskiyar da aka soma tsarawa a Nikiya a shekarar 325.

Abin da ya raba su tambaya ce guda ta tauhidi, wato ilimin sanin Allah, wadda Kiristoci suka shafe ƙarnuka suna jayayya a kanta, wani lokaci da alƙalami, wani lokaci da guduma: shin katako da fenti da dutse da sautin kiɗa, waɗanda duk halittu ne, za su iya ɗaukar wani abu na Allah su miƙa wa mutum? Duk inda ka ga rigima ta tashi a tarihin ikilisiya a kan hoto ko waƙa, in ka tona za ka iske wannan tambayar ce a ƙasa, kuma amsar da kowane ɓangare ya bayar ita ta siffanta irin fasahar da ya haifa.

Tun daga Tsohon Alkawari maganar ta zo da fuska biyu. A Fitowa sura 20 an hana yin gunki ko siffar wani abu da ke sama ko ƙasa ko cikin ruwa, an hana yi masa sujada. Amma babi biyar kacal a gaba, a sura 25, sai ga umarnin a ƙera kerubobi biyu na zinariya, wato siffofin mala'iku masu fukafukai, a kan murfin akwatin alkawari. A sura 31 kuma aka ambaci Bezalel, wanda aka ce an cika shi da Ruhun Allah domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar itace. Wato baiwar Ruhu a nan ba wa'azi ba ce, gwanintar hannu ce. Labarin da ya fi haɗa fuskokin biyu wuri guda shi ne na macijin tagulla. Musa ne ya ƙera shi bisa umarnin Allah domin waɗanda maciji ya sara su dube shi su rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru, da jama'a suka koma ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfasa shi, kuma Littafin Sarakuna na Biyu ya yaba masa. Macijin bai canza ba, masu kallonsa ne suka canza. Kusan duk gardamar da ta biyo baya tana cikin wannan ɗan labari.

Kiristocin farko sun yi zane, amma a hankali. A Dura-Yurofos, wani gari a gaɓar kogin Furatu a Siriya ta yau, an tono wani gida da aka mai da shi wurin ibada kafin shekarar 256, bangonsa ɗauke da hoton makiyayi da tumaki da na shanyayyen da aka warkar yana ɗauke da gadonsa. Kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum ma cike suke da irin waɗannan. Duk da haka, a farkon ƙarni na 4 taron bishop-bishop a Elbira ta ƙasar Sifen ya yanke cewa kada a sa hotuna a majami'u. Kusan shekarar 600, da bishop na Marsai ya farfasa hotuna saboda ya ga mutane na yi musu sujada, Paparoma Giregori Babba ya rubuta masa cewa ya kyauta da ya hana sujadar, amma bai kyauta da fasawar ba, domin abin da rubutu yake ga mai karatu shi hoto yake ga wanda bai iya karatu ba. Wannan hujja ta riƙe ikilisiyar Yamma tsawon lokaci. Sai dai hujja ce mai taka tsantsan: ta mai da hoto allon karatun jahili, abin da ake haƙuri da shi kafin ilimi ya zo. Ba ta ce hoton yana da wata daraja tasa ba.

A Gabas ne aka kai maganar maƙura. Tsakanin 726 da 730 Sarki Liyo na Uku na daular Rumawan Gabas ya juya wa hotunan ibada baya. Daular tana cikin tsaka mai wuya, ta rasa Siriya da Masar, Larabawa sun kewaye Kustantiniya kanta a 717 zuwa 718, kuma akwai masu ganin fushin Allah ne saboda bautar gumaka da ta shigo ta bayan gida. Ɗansa, Kustantin na Biyar, shi ne ya ba wa wannan ra'ayi ƙashin baya na ilimi, kuma a 754 bishop 338 suka taru a Hiyeriya suka amince da shi.

Ya kamata a saurari hujjarsu da kyau, don ba ta wauta ba ce. Taron Kalsidon na 451 ya riga ya tabbatar wa ikilisiya cewa Almasihu guda ne mai ɗabi'a biyu, allahntaka da mutuntaka, ba a cuɗa su, ba a kuma raba su. To, in ji masu fasa hotuna, kai mai zane me kake zanawa? In ka ce allahntakarsa ka zana, ka yi ƙarya, domin allahntaka ba ta da iyaka balle layi ya zagaye ta. In ka ce mutuntakarsa kaɗai ka zana, ka raba abin da ba ya rabuwa. In kuwa ka ce duka biyun ne a cikin fentin, ka cuɗa su. Ta ko'ina ka bi, ka faɗa bidi'ar da aka riga aka la'anta. Hoton Almasihu na gaskiya guda ɗaya ne, in ji su, wato gurasa da ruwan inabin Jibin Ubangiji, domin shi da kansa ya ba da su.

Amsa mafi ƙarfi ta fito ne daga wajen daular. Yohanna na Dimashƙu ɗan gidan manyan ma'aikata ne, mahaifinsa ya yi wa halifofin Banu Umayya aikin baitulmali, shi kuma daga baya ya shiga zuhudu a kusa da Urushalima. Da yake a ƙarƙashin mulkin Musulmi yake zaune, hannun sarkin Kustantiniya bai kai gare shi ba, sai dai la'ana daga nesa, kuma taron Hiyeriya ya yi masa ita da sunansa na gida, Mansur. Abin dariya a tarihi ke nan: mai kare hotunan Kirista mafi shahara ya sami bakin magana ne a ƙasar da masallatanta ba sa ɗauke da hoton mutum. Yohanna ya ce a zamanin dā gaskiya ne ba a zana Allah, domin ba shi da jiki ko siffa. Amma tunda bangaskiyar Kirista ta ce Kalman Allah, wato Almasihu, ya zama mutum ya zauna a cikinmu, an gan shi, an taɓa shi, ya ci ya sha, to abin da ido ya gani hannu na iya zanawa. Ya ce ba abin halitta yake bauta wa ba, Mahaliccinsa yake bauta wa, wanda ya ɗauki jikin halitta dominsa, kuma ta wurin abin halitta, itacen gicciye da nama da jini, ya yi aikin ceto. Saboda haka ba zai raina katako da fenti ba.

Daga baya wani shugaban 'yan zuhudu a Kustantiniya, Tiyodor na gidan Studiyos, ya warware tarkon da Kustantin ya ɗana. Ya ce ba wanda ya taɓa zana ɗabi'a. Ba ka zana mutuntaka, wani mutum kake zanawa, mai suna, mai hanci da idanu irin nasa. Haka hoton Almasihu: shi kansa ake nunawa, ɗan Maryamu. Sai ya juya wuƙar: wanda ya ce ba za a iya zana Almasihu ba, a fakaice yana cewa bai zama mutum na gaske ba, domin duk wanda mace ta haifa ana iya zana shi. A nan ne gardamar ta daina zama ta halacci, ta koma ta wajibci. Ga Otodoks, hoton Almasihu shaida ce da ake bayarwa da fenti cewa zamansa mutum ba almara ba ce.

Taron Nikiya na biyu a 787, wanda Sarauniya Irin ta kira, ya maido da hotuna, ya kuma ja layi tsakanin bauta, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawa, wadda ake iya yi wa hoto da gicciye da littafin Linjila. Sun dogara da wata tsohuwar magana ta Basil na Kaisariya, wanda ya yi misali da hoton sarki: girman da aka ba hoton yana wucewa ne zuwa ga mai hoton. Rigimar ta sake tashi a 815, ba ta kwanta ba sai 843 a hannun wata sarauniyar, Tiyodora, kuma har yau ikilisiyoyin Otodoks suna bikin wannan rana a Lahadin farko ta babban azumi. Hotunan da suka girmi rigimar kaɗan ne suka tsira. Daga cikin mafi daraja akwai na Almasihu na ƙarni na 6 a gidan zuhudun Katarina da ke dutsen Sina'i, wanda shi ma zaman sa a wajen ikon daular ne ya cece shi.

Nasarar ta zo da sharaɗi, kuma sharaɗin ya shiga cikin salon zanen kansa. Tunda hujjar ita ce abin da aka gani shi ake zanawa, Allah Uba ba ya zanuwa. Shi ya sa da Andire Rublef na Rasha ya so nuna Allah-Uku-Cikin-Ɗaya a farkon ƙarni na 15, baƙi uku da suka ziyarci Ibrahim a Farawa sura 18 ya zana, zaune a gefen teburi, kuma taron Mosko na 1666 zuwa 1667 ya fito fili ya hana zana Uba a siffar tsoho. Masu zanen Yamma ba su damu da wannan iyakar ba. Tsohon nan mai furfura da Michelangelo ya zana a rufin ɗakin ibada na Sistin tsakanin 1508 da 1512, yana miƙa wa Adamu yatsa, yana cikin hotunan addini mafi shahara, amma in aka auna shi da ma'aunin Yohanna na Dimashƙu, ba shi da madogara. A ganina wannan wuri ne da masu sukar hotuna suke da gaskiya, kuma masu sha'awar fasaha ba sa son a taɓo shi.

Akwai wani ƙorafin da ba na gumaka ba, na kuɗi. Kusan 1125 Bernard na Kilerbo, shugaban 'yan zuhudu a Faransa, ya yi wa 'yan'uwansa tatas a kan birai da zakuna da dodannin da ake sassaƙawa a ginshiƙan gidajen zuhudu, ya ce ikilisiya tana ƙyalli a bangonta, matalautanta kuwa suna cikin rashi. A daidai zamanin, Suja, shugaban gidan San-Deni kusa da Faris, yana sake gina majami'arsa da manyan tagogin gilashi masu launi, aka keɓe sashen a 1144, yana mai cewa hankalin mutum mai nauyi ne, ta hanyar hasken da ido ke gani yake tashi zuwa haske na gaskiya. Daga ginin nasa salon manyan majami'un Turai masu tsini ya samo asali. Tambayar Bernard kuwa ba a taɓa ba ta amsar da ta rufe baki ba.

Kiɗa ma bai tsira daga zargi ba, ko da yake Zabura cike take da garaya da molo da kuge. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya rubuta cewa ya yi kuka da ya ji waƙoƙin ikilisiya a Milan farkon tubansa, amma duk lokacin da muryar ta fi kalmomin taɓa shi, sai ya ji ya yi laifi. Tsoron nan ɗan'uwan tsoron hoto ne: kada abin da aka kawo don ya nuna hanya ya tsare hanyar.

Da gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 ya zo, wanda ya haifar da Furotesta, sai aka ga yadda mutane uku masu karanta littafi ɗaya suka rabu gida uku. A farkon 1522, Martin Luther, Bajamushen da ya soma gyaran, yana ɓoye a fadar Wartburg, abokin aikinsa Karlstadt ya zuga a cire hotuna daga majami'un Wittenberg. Luther ya dawo a watan Maris ya yi wa'azi takwas a jere ya tsayar da abin. Matsayinsa shi ne hoto ba dole ba ne, ba kuma haram ba ne, a cire shi daga zuciya tukuna, na bango ba zai cuci kowa ba. A 1525 ya ƙara da wata hujja mai sauƙi da wuyar turewa: ko ya so ko ya ƙi, duk sa'ad da ya ji labarin Almasihu, siffar mutum rataye a kan gicciye tana bayyana a zuciyarsa. In ba zunubi ba ne a zuciya, don me zai zama zunubi a ido? Kiɗa kuwa ya ɗora shi a matsayi na biyu bayan tauhidi, ya kuma rubuta waƙoƙi da Jamusanci domin jama'a su rera da bakinsu.

A Zurik, Zwingli ya bi wata hanya. A 1524 aka kwashe hotuna da mutum-mutumi daga majami'u cikin tsari, aka shafe bango da farar ƙasa, daga baya aka wargaza ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu, har waƙa ma aka daina a sujada, ba ta dawo ba sai 1598. Zwingli kuwa gwanin kiɗa ne, ya iya kayan kiɗa da dama. Ba rashin kunne ne ya sa shi ba, sanin ƙarfin abin ne. Calvin a Janeba ya ce zuciyar ɗan Adam masana'antar gumaka ce da ba ta hutawa, don haka babu hoto a wurin sujada. Waƙa ya yarda da ita, amma Zabura, da murya ɗaya, ba kayan kiɗa, kuma a 1562 aka kammala tsara dukan Zabura 150 a waƙe. Wani abin lura: Otodoks da suka cika bango da hotuna su ma bisa al'adarsu ba sa sa kayan kiɗa a sujada, murya kawai. Kowane ɓangare akwai gaɓar da ya amince wa da wadda yake tsoro.

Hani bai kashe fasaha ba, ya karkatar da ita ne. A ƙasashen Luther baiwar ta kwarara cikin kunne. Bach, shahararren mai tsara kiɗa, ya yi aiki a majami'un Laifzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750, yana tsara kiɗan ibada mako bayan mako kamar kowane ma'aikaci, yana rufe takardun kiɗansa da haruffa uku da ke nufin ɗaukaka ga Allah shi kaɗai. A gefen Littafi Mai Tsarki nasa, wurin da Tarihi na Biyu sura 5 ke ba da labarin mawaƙan Haikali, ya rubuta da hannunsa cewa inda ake kiɗan ibada, Allah yana nan da alherinsa. Wannan kusan ita ce hujjar Yohanna na Dimashƙu, an ɗauke ta daga katako an ɗora wa sauti. A Holan kuma, bayan guguwar fasa hotuna ta 1566, majami'un Furotesta suka daina sayen zane, sai masu zane suka koma wa 'yan kasuwa da magidanta: fuskokin mutane, filaye, jiragen ruwa, mace tana zuba madara. Labaran Littafi Mai Tsarki ba su ɓace ba, sun bar bagade sun shiga ɗakunan mutane, kuma a hannun Rembrandt suka zama labaran tsofaffi da gajiyayyu, kamar ɗan nan mubazzari da ya durƙusa gaban mahaifinsa, takalminsa ɗaya ya fita daga ƙafa.

Katolika ta mai da martani a zaman ƙarshe na taron Tirento a Disamban 1563: hotuna suna nan, a girmama su, amma bishop ya sa ido, kada a ga batsa ko koyarwar ƙarya. Nan aka shiga wani sabon babi, na tsakanin mai ba da aiki da mai yin aiki. Zanen ranar shari'a na Michelangelo, wanda ya gama a 1541, cike yake da tsiraici, sai aka sa wani almajirinsa ya bi ya zana musu ƙyallaye a 1565. A 1573 kotun binciken bidi'a ta Benis ta kira mai zane Veronese ta tambaye shi me wadanni da 'yan barkwanci da sojojin Jamus suke yi a hoton jibin ƙarshe. Ya ce masu zane suna da irin 'yancin da mawaƙa da mahaukata suke da shi. Aka ba shi wata uku ya gyara. Bai taɓa hoton ba, suna kawai ya canza masa, ya ce liyafa ce a gidan Lawi, inda Linjilar Luka ta ce masu karɓar haraji sun cika wurin. Caravaggio kuwa ya zana rasuwar Maryamu da jiki a kumbure da ƙafafu a waje, kamar gawar kowace matalauciya, 'yan zuhudun majami'ar da aka yi zanen dominta suka ƙi karɓa. Abin tambaya shi ne wa ya fi kusa da koyarwar zaman Almasihu mutum a nan, su ko shi?

Wannan ya kai mu ga wuri mafi wuya, wato kyau. Malaman Kirista sun gaji ra'ayin cewa Allah shi ne tushen kyau, kuma duk kyakkyawan abu yana nuni gare shi. Amma a tsakiyar addinin akwai mutumin da aka yi wa bulala aka kashe shi irin kisan bayi, wanda Kiristoci suke karanta Ishaya sura 53 a kansa: ba shi da siffa ko kyan gani da za a so shi. Kiristocin farko sun daɗe suna kauce wa zana wannan. Daga cikin tsofaffin hotunan gicciyewar da suka rage akwai ɗan ƙarami a ƙofar katako ta majami'ar Santa Sabina a Rum, kusan shekarar 430, kuma ko a nan Almasihu a tsaye yake kamar mai addu'a, ba alamar azaba. Sai a ƙarni na 10 aka soma ganin manyan sassaƙe irin na Kolon a Jamus, inda kai ya langaɓe, ciki ya zazzago, mutuwa ta tabbata.

Wanda ya kai wannan ƙarshe shi ne mai zane Bajamushe Grünewald, a hoton bagaden Isenhaim da ya yi tsakanin 1512 da 1516. Jikin Almasihu a nan kore-kore ne, duk ƙuraje da ƙayoyi, yatsu sun ƙandare sama, leɓɓa sun yi shuɗi. Ba don masu yawon buɗe ido aka yi shi ba. Gidan 'yan zuhudu ne masu jinyar cututtukan fata, musamman wata cuta mai ƙuna da ruɓar da gaɓoɓi da ake ɗauka daga gurɓataccen hatsi. Majinyacin da aka kawo gaban hoton yana ganin irin fatarsa a jikin wanda yake kira Ubangiji. A gefe Yohanna Mai Baftisma na tsaye yana nuni da dogon yatsa, ko da yake bisa Linjila an kashe shi tun kafin gicciyewar, don mai zanen ba rahoton abin da ya faru yake bayarwa ba, wa'azi yake yi. Karl Barth, babban malamin tauhidi na ƙarni na 20, wanda ya fito daga al'adar Calvin da Zwingli masu farin bango, ya rataye kwafin wannan hoton a saman teburin aikinsa, yana ganin aikin mai tauhidi bai wuce na yatsan nan ba.

Amma akwai iyakar da in an wuce ta, hoton kan juya wa bangaskiyar da ta haife shi. Holbein ya zana gawar Almasihu a kabari kusan 1521, dogon allo siriri kamar akwatin gawa, ido a buɗe, baki a sake, ba mai kuka a gefe, ba alamar tashi. Marubucin Rasha Dostoyevsky ya tsaya gabansa a birnin Basil na Suwizalan a 1867 ya kasa motsi, daga baya ya sa wani a cikin labarinsa ya ce irin wannan hoton na iya raba mutum da bangaskiyarsa. Hoton Isenhaim yana da fukafukai da ake buɗewa a ranakun idi, a ciki akwai tashin matattu cikin haske mai ɗaukar ido. Na Holbein ba abin da ake buɗewa. Tauhidin Kirista yana bukatar a faɗi mutuwar da tashin tare, hoto guda kuwa lokaci guda yake iya tsayarwa, kuma wannan rauni ne da kiɗa da labari ba su da shi, tunda su suna tafiya da lokaci.

Saura maganar fuska. Linjila huɗu ba su faɗi tsawon Yesu ko launin fatarsa ko yanayin gashinsa ba. Agustin ya lura cewa kowa da irin fuskar da yake ƙaga masa a zuci, kuma ya ce ba a kan wannan bangaskiya ta rataya ba, a kan cewa mutum ne na gaske ta rataya. A zanen farko saurayi ne marar gemu, daga baya mai gemu da dogon gashi ya rinjaya. Masu zanen Habasha sun ba shi manyan idanu da kamannin mutanensu. A shekarun 1930 masu zane Katolika a Beijin sun zana shi da Maryamu da tufafin Sin a kan siliki. Masu zanen Italiya da Holan ma abin da suka yi ke nan, sai dai da yake jiragen Turawa ne suka zaga duniya da nasu hotunan, aka ɗauki nasu a matsayin asali, na sauran kuma kwaskwarima. Hoton da Warner Sallman ya zana a Chikago a 1940, mai gashi ruwan zuma da fata mai haske, an buga shi sau ɗaruruwan miliyoyi, an raba wa sojojin Amurka a yaƙin duniya na biyu, ya shiga kalanda da littattafan yara a nahiyoyi da dama, har ya zama mutane da yawa in sun rufe ido don addu'a shi suke gani.

Hujjar da ta halatta hoto tun farko ita ce Almasihu wani mutum ne takamaimai, Bayahude ɗan Galili na ƙarni na 1. Hujjar da ta halatta wa kowace al'umma ta zana shi da kamanninta ita ce ya zo domin kowa. Biyun suna iya zama tare muddin mai kallo ya san fassara yake gani. Inda fuska ɗaya ta mamaye har aka manta cewa wani ne ya ƙaga ta a ɗakin aikinsa, rabewar da taron 787 ya yi tsakanin hoto da mai hoto ta rushe a aikace ko da tana nan a littafi. Abin lura kuma shi ne hoton Sallman ya fi yaɗuwa ne a tsakanin Furotesta, jikokin waɗanda suka shafe bango da farar ƙasa, waɗanda ba su da wata doka ta zanen ibada da za ta ce wa mai zane ga inda zai tsaya.